Tusa Ba Ta Hura Wuta, Amma Tana Kamawa

Malamai da fatake, a yi wa wannan shafi gafara, gama abin da ya ɗauko yau ba irin maganar da ake yi a zaure gaban manya ba ne. Amma fa littattafan fiƙihu ba su ji nauyin ambatonsa ba, tun da yake kowane ɗalibi da ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ya iske shi zaune cikin abubuwan da ke warware alwala. Malamai sukan sakaya su ce rihi, dattawa su ce hutu, yara kuwa su kira shi da sunansa na yanka, watau tusa.

Hausawa suka ce tusa ba ta hura wuta. Gaskiyarsu, ba a taɓa jin matar da ta dafa tuwo da ita ba. Amma da masu karin magana sun ga abin da waɗansu samarin Turai da Amurka suke yi, da sun ƙara wa maganar wutsiya, su ce ba ta hurawa, amma tana kamawa.

Ga yadda abin yake. A makarantun kwana, da ɗakunan ɗalibai na jami'a, da barikokin soja, da wuraren da 'yan giya ke taruwa, akan sami wani marar kunya ya kashe fitila, ya kishingiɗa, a kawo ashana ko kyandir kusa da bayansa, ya saki iska. Sai a ga harshen wuta ya yi tsalle, wani lokaci shuɗi, wani lokaci rawaya-rawaya, ya ɓace cikin ƙiftawar ido, ɗaki ya kaure da dariya har waɗansu su faɗi ƙasa suna riƙe ciki. Masu magana da Turanci har suna suka sa wa wannan harshen wuta, wai shuɗin mala'ika. Allah Ya tsarkake mala'ikunSa daga wannan laƙabi! A da wasan ba ya wuce bangon ɗakin da aka yi shi. Sa'an nan masu majigi suka ɗauka: a 1994 aka ga Jim Carrey yana yi cikin wani fim na ban dariya na Amurka, a 1999 kuma aka yi wani fim na zane inda yaro ya gwada, wuta ta cinye shi, 'yan kallo suna ta ƙyaƙyatawa. Daga baya wayar hannu ta zo, abin da aka yi a ɗaki guda a Landan sai ga shi a tafin hannun yaro a kowace nahiya. Abin da ya sa maganar ta shigo shafin nan ke nan, gama abin da ido ya gani ya yi dariya, hannu yakan so ya gwada.

Kafin a zargi samari, ya kamata a yi musu adalci: ba su suka fara yi wa tusa dariya ba. A 2008 waɗansu masu bincike na Jami'ar Wolverhampton a Ingila suka nemi barkwancin da ya fi kowane daɗewa a rubuce, suka iske shi a allunan yumɓu na mutanen Sumar, a kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. To, mene ne a ciki? Zancen amarya ne da tusa a cinyar angonta. A Ingila kuma, zamanin Sarki Henri na biyu, wanda ya yi sarauta daga 1154 zuwa 1189, akwai wani wawan sarki ana ce da shi Roland, aka ba shi gida da gona eka 30 a Hemingstone cikin lardin Suffolk. Harajin da ke kansa kuwa shi ne kowace Kirsimeti ya zo gaban sarki ya yi tsalle ɗaya, fito ɗaya, tusa ɗaya. Manomi nawa ne zai ƙi irin wannan jinga?

Amma gwanin gwanaye a wannan fage shi ne Joseph Pujol, mai gasa burodi, haifaffen Marsel ta ƙasar Faransa a 1857. Allah Ya hore masa wata baiwa mai ban al'ajabi, yana iya zuƙar iska ta dubura kamar yadda mutane ke zuƙa ta hanci, sa'an nan ya sake ta gwargwadon yadda ya so. A 1892 ya hau dandalin gidan wasan nan na Moulin Rouge a birnin Faris, sanye da jar kwat da farar safar hannu kamar wani babban hakimi, yana kwaikwayon ƙarar igwa, da tsawa, da kecewar yadi a hannun mai kanti, yana busa sarewa ta hanyar wani bututun roba. Manyan mutane suka riƙa biyan kuɗi suna cika gidan. Daga cikin abin da ya shahara da shi har da kashe kyandir daga nesa. A lura da wannan da kyau, shi kashe wuta yake yi, ba kunnawa ba, domin iskarsa ta sarari ce wadda ya zuƙa yanzu ya mayar yanzu, ba ta kwana a hanji ba, ba ta da wari, ba ta da abin da wuta za ta ci. Da yaƙin duniya na fari ya tashi a 1914 sai ya bar dandali ya koma wa tandarsa, ya rayu har 1945.

Me ya sa ɗan Adam ba ya gajiya da wannan dariya? Domin ita tusa ba ta san sarki ba, ba ta san alƙali ba, ba ta neman izini kafin ta yi magana, kuma takan zaɓi lokacin da aka fi natsuwa. Mutum ya naɗa rawani, ya gyara murya, ya cika fuska da kwarjini, sai jikinsa ya tuna masa cewa da tuwo da wake aka gina shi. Wasan ashana kuwa ya ƙara wani abu bisa wannan. Ita tusa shaidunta biyu ne tun fil'azal, kunne da hanci, kuma dukansu ana iya musanta su, kowa ya dubi na kusa da shi. Ran da aka sa mata wuta sai ido ya shiga cikin shaidu. Abin da aka saba ɓoyewa ya fito da fitilarsa a hannu. Wanda ya ce wannan ba shi da ban dariya bai faɗi gaskiya ba.

To, yanzu a zo ga abin da ke cikinta. Likitoci sun auna, ba da ka suka faɗa ba. A birnin Sheffield na Ingila aka sami mutum 10, maza 5 mata 5, aka ƙara musu dafaffen wake giram 200 bisa abincinsu na kullum, aka sa musu bututu aka tara duk iskar da ta fita daga gare su dare da rana, aka buga sakamakon a 1991. Wanda ya fi ƙaranci ya fitar da mililita 476, wanda ya fi yawa 1491, watau daga wajen rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kwana guda. Wani kashi na wannan iska haɗiye shi mutum yake yi wajen ci da sha da surutu, mafi yawansa naitirojin ne, kuma wuta ba ta cinsa. Sauran kuwa a cikin babban hanji ake yin sa. A can akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu, adadinsu ya wuce lissafin 'yan kasuwa. Abin da ciki ya kāsa narkarwa, irin wani sukari da ke cikin wake, da albasa, da kabeji, da madara ga wanda ba ta karɓe shi ba, shi ne abincinsu. Suna ci suna tsima shi kamar yadda ƙullu ke tsami ya kumbura, sai iska ta tashi.

Cikin iskar da suke yi akwai iri biyu masu cin wuta. Ta fari sunanta haidurojin, ita ce aka cika babban jirgin balan-balan na Jamus da ita, mai suna Hindenburg, wanda ya kama da wuta a Amurka ran 6 ga Mayu 1937, mutum 36 suka halaka. Ta biyu sunanta metan, ita ce mai tashi daga taɓon fadama, da ramin kashin shanu, ita ce kuma mai fashewa a ramukan haƙar kwal ta binne leburori. Haidurojin in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ta isa ta kama. Metan kuwa tsakanin kashi 5 da 15 take kamawa. Ba kowane ciki ke yin metan ba. Cikin mutum 10 ɗin nan na Sheffield 3 kaɗai aka same ta gare su, amma haidurojin kowa yana da rabonsa. Shi ya sa wutar wani shuɗiya, ta wani ba haka ba, ta wani kuma ta ƙi kamawa sam, abokai su yi ta matso da ashana suna cewa a sake. A nan ne fa ake jin ciwo.

Wani abin mamaki, wari ba shi ne ke cin wuta ba. Waɗannan iskoki da aka lissafa duk ba su da wari ko kaɗan, kuma su ne fiye da kashi 99 cikin 100. Abin da ke korar jama'a daga ɗaki ɗan mitsitsi ne, bai kai kashi 1 ba, dangin farar wuta ne, wadda Larabawa ke kira kibrit. Saboda haka mai shiru mai kisa ba lalle ta fi mai ƙara haɗari ba.

Tambayar da kowa yakan fara yi ita ce, shin wutar tana iya bin hanya ta koma ciki, mutum ya fashe? A wasan ashana wannan da wuya, gama wuta ba ta rayuwa sai da iskar shaƙa, watau oksijin, ita kuwa kaɗan ce ƙwarai a cikin hanji. Amma kada wani ya ce tatsuniya ce, domin ya faru a inda aka haɗa sharuɗɗan. A 1979 likitocin birnin Nansi na Faransa suka buga labarin wani majinyaci da aka wanke wa ciki da wani irin sukari mai suna manitol, domin a leƙa hanjinsa da madubi a cire wani tsiro. Ashe ƙwayoyin nan sun sami gara, sun cika hanji da haidurojin. Likita ya hura iskar sarari domin hanji ya buɗe ya gani, ya taɓa tsiron da wayar lantarki mai ƙuna, sai aka ji ƙara a ɗakin. Hanji ya tsattsage, aka yi gaggawar yi masa aiki, bai tashi ba. A 2007 waɗansu likitoci suka bi littattafan asibiti daga 1952 zuwa 2006, suka tattara irin wannan fashewa har sau 20, 11 wajen fiɗa, 9 wajen leƙen hanji. Saboda irin wannan ne aka bar wanke ciki da manitol a asibitoci da yawa, aka kuma koma hura wata iska wadda wuta ba ta ci. A 2012 aka ba likitocin Faransa biyu, Emmanuel Ben-Soussan da Michel Antonietti, lambar Ig Nobel a Jami'ar Harvard, wadda akan bayar ga binciken da ke sa dariya da fari sa'an nan ya sa tunani, saboda sun koya wa 'yan'uwansu yadda za su rage fashewar majinyata. Aka yi dariya a zauren, amma aikin nasu rai yake ceta.

Labarin da ya fi kusa da wasan samari shi ne na wani asibitin jami'a a Tokyo, babban birnin Japan, cikin watan Afrilu 2016. Wata mace mai shekara 30 da 'yan kai tana kwance an sa mata maganin barci, ana yi mata aiki a bakin mahaifa da hasken leza, sai wuta ta tashi. Aka naɗa masana daga waje suka bincika, suka ba da rahoto a watan Oktoba, suka ce na'ura lafiyarta lau, babu kuma wani abu mai cin wuta a wurin. Abin da suka fi rinjayarwa shi ne iska ce ta fita daga hanjinta ta gamu da hasken, ta kama, ta lasa wa mayafin da aka lulluɓe ta da shi. Matar ta ƙone daga kugu har ƙafafu.

A tsaya a kan mayafin nan, gama nan maganar take. Wutar tusa ita kanta ba ta daɗe, kafin a ce kwabo ta mutu. Amma ba ta mutuwa ita kaɗai in ta sami abokin tafiya. Gashi yana nan kusa, fatar wurin kuwa ta fi ta ko'ina laushi, ga wando, ga zane, ga katifar soso. 'Yan kasuwar yadi sun fi kowa sanin halin hajarsu. Auduga sakakkiya marar nauyi takan kama nan da nan, wuta ta hau sama tana bin iska, riga mai faɗi kuwa ta zama mata bututu. Yadin roba, irin su nailan da foliyesta, wanda ya cika kasuwa saboda araha da ƙyalli, shi narkewa yake yi kamar leda, ya manne wa fata yana ci gaba da dafa nama bayan harshen wuta ya mutu. Wanda ya tuɓe domin ya tsare wandonsa ya miƙa fatarsa, wanda ya bar wando domin ya tsare fata ya ba wuta itace. Ko ta ina aka ɓullo ba riba.

Sa'an nan a dubi ɗakin. Samarin Turai masu yin abin galibi ba su kwana da galan ɗin fetur. A garuruwan ƙasar Hausa kuwa shago nawa ne yaran mai gida ke kwana a ciki tare da janareta, da jarkar mai, da kwalaben kananzir, da tukunyar gas, da dilolin atamfa har rufi? Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya yana rarrafe, daidai inda mai wasa ya kishingiɗa da ashanarsa. Haka kuma tsangaya lokacin hunturu, ga wutar karatun dare, ga bukkokin zana da kara sun bushe ƙayau, ga iskar arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashen da ba su da wadata. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, da aka gaya wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umurni a riƙa kashe ta in za a kwanta.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, tufa ta kama, kada mutum ya ruga da gudu, gudu fifita ne. Ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima, na kusa su danne wutar da bargo mai kauri ko su kwara ruwa. Sa'an nan a yi ta zuba ruwa mai sanyi bisa wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a fasa ƙwai, kada a shafa manja, ko man goge baki, ko toka, ko kashin shanu. Yadin da ya manne kada a ɓamɓare shi, a yanke na gefe a bar wa likita sauran. Ƙunar da ta taɓa al'aura ko dubura kuwa, kome ƙanƙantarta, likitoci suna lissafa ta cikin manya, gama wuri ne da ƙazanta ke bi kullum, ga zafi ga damshi, ba ya rabo da ruɓa, in ya warke da tabo kuma yana iya tsuke hanya. Babbar musiba a nan kunya ce. Yaro ya ƙone, ya kāsa faɗin yadda aka yi, ya ɓoye kwana uku yana tafiya a tale, sai wari da zazzaɓi su tona shi. Uba ko malamin da ya ga haka ya ajiye bulala tukuna, a fara zuwa asibiti.

Saura magana ɗaya, ita ce wa ake yi wa. Mai yi wa kansa, wauta ce tasa. Amma sau da yawa ba babba ne ke kwanciya ba. Ƙaramin cikinsu ake samu, ko baƙo, ko mai raunin hankali, ko wanda aka yi wa alkawarin 'yan kuɗi, ko mai barci wanda bai san abin da ake ƙullawa ba. In a tsangaya ne, kolo za a sa, gardi yana riƙe da ashana. Wani kuma yana tsaye da waya yana ɗauka, ƙunar ta warke cikin wata guda, hoton ya bi yaro har ranar da zai nemi aure. Malaman fiƙihu ba su karɓi “wasa nake yi” a matsayin uzuri ga wanda ya ɓata dukiyar wani ko jikinsa ba, lamuni yana kansa ko da ganganci ko da kuskure. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga firgita Musulmi, kuma sababin hadisin wasa ne aka yi wa wani sahabi yana barci a kan hanyar tafiya. Ita kanta dariyar, Buhari da Muslim sun kawo daga Abdullahi ɗan Zam'a cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa mutane wa'azi a kanta cikin huɗuba, ya nuna musu rashin dacewar mutum ya yi dariyar abin da shi ma yake aikatawa.

Masu tarihin salihai sun ba da labarin wani malami na Balhu a ƙasar Hurasan, sunansa Hatimu. Wata mace ta zo tambayarsa wata mas'ala, tana cikin magana sai iska ta kuɓuce mata da ƙara. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta. Hatimu ya karkato kunne ya ce ta ɗaga murya, ba ya ji sosai. Matar ta yi ajiyar zuciya, ta tabbata bai ji kome ba, ta ɗaga murya ta ƙare tambayarta, ya ba ta amsa, ta tafi. Alhali kuwa kunnensa garau yake. Daga nan laƙabi ya bi shi, Hatimul Asammu, watau Hatimu Kurma, da shi aka san shi har ya rasu a shekara ta 237 bayan Hijira, da shi kuma littattafai ke kiransa har yau.